Ranar da Mati Kuku Ya Tsare Rijiya

Ku da kuka san Mati Kuku, kun san bakinsa ne kawai ke sallama, ƙafafunsa ba sa jiran a amsa. Kafin matar gida ta buɗe baki ya riga ya isa gindin randa. Sai ya ɗora bayan hannunsa a jikinta, ya lumshe ido kamar likita yana sauraron ƙirjin maras lafiya, sannan ya juyo ya yanke hukunci: "Wagga randa ta mutu, ku zuba mata wake." Ko kuwa: "To, wagga da sauran ranta." Sai bayan nan za a ji "ina kwananku". In aka ce masa, haba Mati, ko gaisawa ba a yi ba, sai ya ce, "Gaisuwa tana jira. Zahi kau ba shi sallama."

Ni Azumi maginiya na fi kowa shan wannan hukunci, don rabin randunan garin nan hannuna ne ya gina su. Ga shi kuma taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, ba ni da inda zan kai ƙara. Shekara da shekaru ina gini, mafi girman yabon da na samu a bakinsa shi ne, "Ba laihi, ga wanda bai san firigo ba." Firigo, akwatin sanyin Turawa! Mu da ko fitilar ƙwai ba kowane gida ke kunnawa ba.

Tun yana saurayi ya bi Turawa yana yi musu girki, daga Maradi har ya ƙare a Agiye, gidan wata Baturiya mai aikin dashen itatuwa, wadda duk muke kira Madam. Gida sai ranar da aka ba shi izini. Matarsa Rabi ce ke riƙe da gida da gona. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Indo, ta rasu tana 'yar shekara huɗu, wata bazara da sanƙarau ya shigo gari. Daga ita ba su sake samu ba, kuma ba a ambaton sunanta a gidan. Na faɗi wannan ne don yaran cikinku, manya sun sani.

To, a shekarun da aka buɗe jam'iyyu, lokacin da rediyo ba ya rabuwa da kunnen maza, ma'aikata yau suna buro, wato ofis, gobe suna yajin aiki, sai ga Mati wata rana da sassafe bayan an gama yankan gero. Yana bisa amalanken jaki, ya yi wa amalanken rumfa da zanen gado, shi kansa yana zaune a waje. Muka ce amarya ya ɗauko? Da aka yaye zanen sai ga keji na waya da wani buhu ɗaure. An kira Madam gida da gaggawa, uwarta ba lafiya, takardun fita da dabbarta kuwa sun maƙale a buron da ba a buɗewa. Ta damƙa wa Mati tana kuka, ta ce nan da wata uku za ta dawo ta ɗauka.

Muka leƙa. Jikinsa na zomo, kunnuwa na ɓera amma faffaɗa, wutsiya ta kurege, launinsa toka-toka. Gashinsa kuwa, wallahi in ka sa yatsa sai ya nutse ba ka ji ka taɓa komai ba. Ya zauna a kan ƙafafun baya, ya riƙe sili ɗaya na ciyawa da hannu biyu, yana kallonmu kamar mu ne aka kawo masa cikin keji.

Na ce, "Mati, wanga wane irin ɓera ne?"

"Ke ce ɓera. Sunanshi shanshila. Daga wasu duwatsu masu sanyi na bayan teku kakanninshi sunka hito. Ni dai Kumanda nika kiranshi."

"Don mi Kumanda?"

"Barci da rana. Ba a taɓa shi, ba a yi mai hayaniya, abincinshi daban, in ya yi hushi shi juya maka baya. Ni da na yi ma kumanda ukku girki, in ban gane shi ba wa za ya gane shi?"

Nan take ya karanta mana doka, yana lanƙwasa yatsu. Ruwa ba ya taɓa jikinsa. Zaƙi da maiƙo ba sa shiga bakinsa. Ta uku kuwa ita ce babba: zafi kashe shi yake yi. A gidan Madam ɗakinsa daban, da injin sanyi yana kuka dare da rana. In ka ga kunnuwansa sun yi ja ya kwanta a gefe guda, to, sai dai addu'a.

Rabi ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, dabbar da ba ta son zahi ka kawo ƙasar Agiye?" Maza da ke tsaye a bakin zaure suka kwashe da dariya. Wani ya ce yanzu dai sanyi na tafe, amma bari bazara ta kama, wannan ba zai ga ruwan farko ba. Mati bai yi dariya ba. Ya ce, "Amana ce. Za ya ga damina, ko ni ban gan ta ba."

Ni kuwa idona na kan buhu. Na ce ko sukari ne Madam ta bar masa, ko fulawa. Na kwance, na tura hannu, na fito da shi fari fat.

"Mati, mi ne wanga?"

"Ƙasar wankanshi."

"Daga ina?"

"Daga Turai. Cikin jirgi."

Na zauna daɓas a ƙasa. "Ƙasa? Cikin jirgi? Zuwa Nijar?" Kai jama'a! Mu da muke share ta safe da yamma muna zubarwa bayan gida, ashe akwai mai ɗauko ta daga bayan teku. Na yi dariya har sai da Rabi ta ba ni ruwa.

Amma da yamma ta yi, rana ta yi sanyi, Mati ya zuba ƙasar a cikin kasko ya buɗe keji, sai na daina dariyar raini na koma ta daɗi. Kumanda ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya tona da hannuwa, ya birkice, ya juya, ya sake juyawa, ƙura na tashi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya fito ya girgije, ya shafa gashin baki, ya haye katanga da tsalle ɗaya. Daga ranar, kallon wankan Kumanda ya zama aikin yamma na garin nan. Har Liman ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya gani, ya ce shi dai bai taɓa ganin mai cika taimama irin wannan ba.

Wata biyu buhun Turai ya ƙare. Wa za a zo wa? Azumi, wadda randarta ba ta taɓa yi ba. Da farko ya gwada rairayin fadama, Kumanda ya sunsuna ya juya masa baya. Ya gwada toka, Kumanda ya yi atishawa uku ya yi yini biyu ba ya karɓar komai a hannunsa. Kar ku ce ƙari nake yi, dabbar nan tana riƙe mutum a zuciya. Sai ga Mati a gidana, ko randa bai taɓa ba, abin da ya nuna mini lallai yana cikin damuwa.

"Azumi, ke kin san ƙasa."

"Yau na san ƙasa?"

"Ƙasa dai na ce. Ban ce randa ba."

Na daka farar ƙasa da fasassun tukwanen da suka ƙone sosai, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da sabon ɗankwalina har sau uku. Muka kai. Kumanda ya sunsuna, ya dube ni, ya dubi kasko, sai ya faɗa ciki ya yi ta birgima. Na juya ina jiran godiya. Mati ya murza ƙasar tsakanin yatsu ya ce, "Ba laihi, ga wanda bai san Turai ba."

Labari ya bazu, har daga Gazawa ana zuwa kallo ranar kasuwa. Kun san mutanenmu ba sa zuwa gidan mutum hannu rabbana. Wannan ya riƙo aya, wancan gyaɗa, wani dabino, wata har da guntun rake. Sai Mati ya tsaya a ƙofa da ƙwarya.

"Kumanda ya gode. Amma gyaɗa na kashe shi, mai ya yi yawa. Zuba nan."

"To ga dabino."

"Dabino ya hi gyaɗa kisa. Zuba nan."

Kuma gaskiya yake faɗi, Kumanda ba ya cin komai sai busasshiyar ciyawa, wadda Mati ke zaɓowa sili-sili a bakin gona yana kaɗe ƙura, da 'yan ƙirare da yake gurgura, don wai haƙoransa ba sa daina tsawo, in bai gurgura ba sai su hana shi cin abinci. Amma ƙwaryar fa ba ta taɓa kwana da komai ba. Kafin sanyi ya wuce wuyan Mati ya yi gwiɓi. Rabi ta ce Kumanda na cin ciyawa, bawan Kumanda na cin dabino. Na tare shi wata rana bakinsa cike da aya na ce, "Kai ba ta kashe ka?" Ya haɗiye ya ce, "Ni na tsuhwa. In da mai mutuwa cikinmu, gara ni."

Ana cikin haka yawon neman ƙuri'a ya kankama. Wani ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, ya zo garinmu da kiɗa da mota biyu, ya gama alkawarin rijiya da likita a gindin tsamiya, sai aka ba shi labarin Kumanda, ya ce sai ya gani. Ya shigo da babbar riga tana jan ƙasa, ya naɗe hannu zai ɗaga shi jama'a su gani.

Mati ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a kama shi."

"Baba, ni ba abin da ya taɓa gagarata kamawa."

Ya cafka. Ai kuwa sai ga Kumanda a bisa rumbu, ɗan takara kuma tsaye da hannu cike da gashi. Haka Allah ya yi dabbar, in an damƙe ta da ƙarfi sai ta sakar wa mutum gashin ta yi gaba. Mutumin ya buɗe hannu ya duba, ya ɗaga kai ya dubi rumbu, ya sake duba hannu, sai muka ga ya zura gashin a aljihu a hankali. Washegari ga ɗan aike da rago. Wai mai gida na gaisuwa, wai a taimaka masa da ƙarin gashi, malaminsa ya ce ba a taɓa samun mahaɗin layar zana irin wannan ba. Mati, wanda ya kwana yana duban tabon da aka bari a bayan Kumanda, ya dubi ragon, kuma na san ransa ya biya, don na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce, "Koma mai da ragonshi. Ka ce mai ba shi bukatar layar zana. Bayan zaɓe wa za ya gan shi, balle shi kama shi?"

Ramuwar gayya kuwa a kan Mati ta faɗa. Katinsa na zaɓe ya ɓoye a ƙarƙashin keji, wai nan ne kaɗai ba mai taɓawa. Ranar zaɓe ya ɗaga keji, sai ya ga rabi. Dabbar da ta riga ta ci masa tasbaha, ta ci wa Rabi muciya, kati ne zai gagare ta? Haka ya tafi lakol, makarantar da ake zaɓen, ya shiga layi. Malamin da ke karɓar kati ya juya guntun gaba da baya.

"Baba Mati, ai rabin kati ne wanga."

"To, ba ni rabin ƙuri'a."

Sai da Maigari da wani dattijo suka tsaya masa shaida aka bar shi ya jefa. Ya fito yana goge yatsa a riga yana cewa, kowa na ta cewa za a ci moriyar dimokuraɗiyya, to ga Kumanda ya riga kowa ɗanɗanawa.

Duk wannan raha da muke yi, Mati bai manta da bazara ba. Tun ana sanyi ya fara tona rami a gindin gawon da ke tsakar gidansa, don gawo ne kaɗai ke da ganye lokacin da ake neman inuwa. Ya tona har ya shige kansa, ya yi masa matakala, ya rufe da itace da zana ya zuba ƙasa a kai. Mutane suka ce Mati ya gaji da jiran masu haƙa kabari, ya fara da kansa. Ya sa na gina masa randa huɗu, ya kafa su cikin rairayi a kusurwoyin ramin, kowace asuba yana jiƙa rairayin. Bai tsaya nan ba. Rabi ta tashi niƙa wata safiya ta nemi dutsen niƙanta ta rasa, dutsen da ta gada wurin uwarta. Ta leƙa rami, sai ga Kumanda shimfiɗe a kai, ya miƙe ƙafa.

"Malam! Dutsena?"

"Dutse na riƙe sanyi."

"To tuwon hwa?"

"Gidan Azumi akwai dutse."

Haka Rabi ta koma niƙa a gidana, kullum tana zaginsa ina taya ta. Wata ukun Madam ya cika ya wuce, shiru. Zaɓe ya wuce. Bazara ta sauka da ƙarfinta, Kumanda na cikin rami yana barcinsa, mazan bakin zaure suka fara cewa ko dai Mati zai ci gari.

Sai ranar da ba zan manta ba. An aiko wa Mati cewa takardar Madam ta iso buronsu na da a Agiye. Ya jiƙa rairayi da asuba, ya bar wa Rabi tsaro, ya tafi. Tun hantsi iska ta tsaya cik. Kaji suka buɗe baki, awaki suka manne da katanga, in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa. Ni da na girma a garin nan ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Gab da azahar sai ga Rabi da gudu ba mayafi.

"Azumi, zo! Kumanda ya kwanta!"

Muka sauka ramin. Na taɓa randuna, wallahi duk huɗun sun yi ɗumi. Kumanda na kwance a gefe guda bisa dutsen, kunnuwa jawur, numfashi sama-sama. To, me mace ta sani in zazzaɓi ya kama yaro? Ruwa. Dokar Mati duk ta fice mini daga kai. Na cika moɗa na ɗaga zan kwara masa, sai na ji tsawa daga bakin rami.

"Azumi! Kada ki!"

Ya diro ya doke moɗar, ruwan ya watse a bango. Ashe yana tashar Agiye ya ɗora bayan hannu a jikin mota, ya ji abin da ya ji, bai tsaya jiran ta cika ba ya kama hanya da ƙafa. Leɓensa ya tsage, idanu sun faɗa. Ya ce, "Gashin nan in ya jiƙe ba shi bushewa! Kashe shi za ki yi da tausai!" Ya tsoma yatsu biyu a randa ya shafa wa kunnuwan kawai, ya yi fifita da faifai. Ba canji. Sai ya saka Kumanda a keji, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe, ya fizgi igiyar gugan Rabi ya fita da gudu.

Rijiya ya nufa. Kun san rijiyarmu ta da, ita kaɗai ce a gari, mai zurfin da in ka leƙa ruwan sai ka ga kamar ƙwayar ido. Ya ɗaure igiya a hannun keji, ya zura a hankali har sai da ya kusa ruwa, inda iska ke da sanyi, bai bari ya taɓa ba. Ya naɗe sauran igiyar a hannu, ya zauna a bakin rijiya, ba riga, ba hula, rana na dukan tsakar kansa.

Bayan azahar mata suka fara zuwa da tuluna. Ya ce ba mai zura guga, ruwan da ke zuba daga guga zai jiƙa shi. Kai! Ranar na ji zagin da ban san akwai shi a bakin matan garin nan ba. Ni ma ban yi shiru ba, na ce, "Mati, ka haukace? Rana irin ta yau za ka hana ma mutane ruwa?" Ko kallona bai yi ba. Aka kira Maigari, ya zo da sanda yana haki.

"Mati, gari guda na ƙishirwa, awaki na kuka, sabadda ɓera?"

"Ranka shi daɗe, har la'asar kawai."

"Hito da shi. In Madam ta zo, ni zan gaya mata ƙaddara ce."

"Ba ta zuwa. Takardarta na aljihun wandona. An ruhe aikinsu."

"To amanar wa kaka tsaro?"

Idon Mati na cikin rijiya. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda muka saba ji a gindin randa ba ce.

"Ranar da zahi ya kama Indo, ina Maradi. Kun san abin da nika yi? Ƙanƙara nika hwasawa ina zuba ma baƙi cikin kwaf. Har hannuna na ciwo don sanyi. Saƙo bai iske ni ba sai da anka ruhe ta da kwana biyu. Ko ɗan guntu guda ban kawo mata ba, a ɗora mata ga goshi." Ya ƙara naɗe igiyar a hannu. "Wanga kau ina nan. Ina nan, ranka shi daɗe."

Shekara fiye da ashirin ba wanda ya ji sunan yarinyar nan a bakinsa. Ni da na gama zaginsa yanzu-yanzu, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Sai Rabi ta ratso mata, ta ɗauki faifan da ke kan tulun wata, ta tsaya a kansa tana tare masa rana. Can ta sa ɗaya hannun ta kama igiyar tare da shi.

Maigari ya yi gyaran murya, ya juyo wajenmu ya ce, "Wa ya ce yana jin ƙishirwa?" Ba wadda ta amsa. Sai na tuna ina da sababbin randuna goma sha biyu da na cika da ruwa ina gwadawa kafin ranar kasuwa. Na ce, "Duk mai bukata ta biyo ni." Ranar gari guda ya sha daga randunan da Mati ya ce ba su yi ba, har awaki.

Da aka kira la'asar muka koma, kusan duk garin. Iska ta ɗan motsa. Mati ya fara jan igiya a hankali. Keji ya iso baki, ya ɗaga rigar. Kumanda na zaune daram a kan ƙafafun baya, kunnuwa sun koma yadda suke, ya zura baki ta tsakanin waya yana gurgurar igiyar da ke riƙe da shi. Cikin sili uku ya yanke biyu!

Aka sa salati. Mati ya dubi igiyar, ya dubi zurfin rijiyar, ya dubi Kumanda. Ya ce, "Kun gani? Gari guda ya yi mai azumi, shi kau yana can yana yanke igiya. Na ce muku kumanda ne!" Ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye na bin kumatunsa suna ɗiga a ƙirji, mu kuma muka bar shi a kan cewa dariya ce.

Daga nan Maigari ya kafa doka: duk ranar da Mati ya taɓa randa ya ce yau zafi zai yi ɓarna, mata su gama ɗiba kafin azahar, rijiya ta Kumanda ce har la'asar. Maƙeri ya yi wa kejin guntuwar sarƙa. Kumanda ya ga damina, ya ga wasu bakwai bayanta. Depiten nan kuwa ya ci zaɓe, kuma ba mu sake ganinsa ba. Kumanda da sanyi ya mutu, na tsufa, bisa dutsen niƙan Rabi, da sili na ciyawa a hannu. Mati ya rufe shi a gindin gawo, ya wanke dutsen ya mayar wa Rabi, ya ce ta yi haƙuri da ɗan aron da ya yi.

Shi Mati kuwa da bazara Allah ya karɓi abinsa. Da ciwo ya kwantar da shi na gina wata randa, na zaɓi yumɓu da kaina, na ƙona ta ita kaɗai, na cika ta tun dare ta kwana. Na sa aka kai masa har bakin gado. Rabi ta ɗaga masa hannu ta ɗora bayansa a jikin randar. Ya lumshe ido, ya daɗe, har na zaci barci ya ɗauke shi. Na tsaya ina jiran firigo. Sai ya ce, "Azumi, wagga ta yi." Na jira sauran maganar, bai ƙara komai ba. Wallahi da na san haka zan ji, da na fi so ya kushe ta.

Har yau in na shiga gida sai in tsinci bayan hannuna a jikin randa kafin in gaisa. Allah ya jiƙan Mati, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da Indo a inuwar da zafi ba ya shiga. Amin.